Shawara: "Anti, na haddace komai, amma sukari ya kayar da ni a kimistiri"

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, kuma burina in zama ma'aikaciyar jinya. Kimistiri ne ya sha mini kai, musamman rarrabe sinadaran ayonik da na kobalent. Duk abin da malam ya rubuta a allo na haddace shi: ayonik suna narkewa a ruwa, kobalent ba sa narkewa, da sauransu. A jarrabawar zangon da ya wuce aka ce wani farin gari ya narke a ruwa, amma ruwan bai kunna ƙwan fitila ba, wane iri ne? Na rubuta ayonik, aka soke. Da aka dawo da takardu na ɗaga hannu na ce to yaya littafi ya sa sukari cikin kobalent alhali yana narkewa a shayi? Malam ya ce in koma in yi karatu, 'yan aji suka kwashe da dariya. Ɗakin gwajinmu a kulle yake. Baba ya ce in na sake faɗuwa zai sa a cire ni daga ajin kimiyya. Anti, kaina ne ba ya ja, ko kuwa?

Ɗiyarki daga Gusau

Wa'alaikumus salam 'yata. Kanki lafiya lau yake. Cikin waɗanda suka yi miki dariya, da wuya a samu uku da za su iya amsa tambayar da kika yi, don tambaya ce ta wanda ya dubi kofin shayinsa ya ga bai yi daidai da abin da ke kan allo ba. Abin da ya same ki shi ne an ba ki jerin halaye ba a ba ki dalilinsu ba, ke kuma kika zuba su a ka yadda ake zuba hadda. Hadda tana da wurinta a kimistiri. Sinadarai ashirin na farko a jadawalin sinadarai, da alamominsu da lambobinsu, dole ki iya su kamar sunanki. Amma wannan babin ba a cin sa da hadda, domin kusan kowane layi na jerin nan yana da mai saɓa masa, masu shirya jarrabawa kuma sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da gishirin miya. Ƙwayar zarrar sodiyam tana da ilektiron 11, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin ɗebewa da ke kewaye da ita layi-layi, jere 2, 8, 1 daga ciki zuwa waje. Ta kulorin tana da 17, jere 2, 8, 7. Sodiyam yana da guda ɗaya rak a layin waje, kulorin kuma saura ɗaya layinsa ya cika takwas. Sodiyam ya saki nasa, kulorin ya karɓe. Wanda ya saki ya koma mai cajin tarawa, Na+, wanda ya karɓa ya koma mai cajin ɗebewa, Cl−. Waɗannan masu cajin su ne ayon, kuma jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani shi ne haɗin ayonik, wanda wasu littattafanku ke kira ilektirobalent. Duk abu ɗaya ne, kada sunan ya ruɗa ki.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba a aji shi ne, ayon ba ya zaɓar abokin ja. Na+ yana jan duk wani Cl− da ke kusa da shi, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Saboda haka a cikin ƙwayar gishiri kowane sodiyam yana kewaye da kulorin shida, kowane kulorin yana kewaye da sodiyam shida, haka abin ya miƙe har ƙarshen ƙwayar. Wani matashin masani a Ingila, Lawrence Bragg, shi ya gano wannan tsari a 1913 ta hanyar haska gishiri da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma a 1915 aka ba shi kyautar Nobel tare da mahaifinsa, yana da shekara 25. Idan kika ga an rubuta NaCl, ba ana nufin wasu biyu ne suka keɓe gefe ba. Lissafi ne kawai: sodiyam ɗaya ga kowane kulorin ɗaya.

Daga nan sauran halayen suke fitowa da kansu. Kafin gishiri ya narke a kan wuta sai an karya wannan jan ta kowace fuska, shi ya sa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyas. Magnisiyam oksaid, MgO, inda kowane ayon ke ɗauke da caji biyu maimakon ɗaya, sai an haura digiri 2,800. Kuma in kin taɓa ganin an fasa kantun gishirin Balma a kasuwa, kin ga ba ya lanƙwasa, tarwatsewa yake yi. Bugun yana gusar da layi ɗaya kaɗan, masu caji iri ɗaya su fuskanci juna, su ture juna, wurin ya dare.

To, in duka ɓangarorin biyu masu neman ƙari ne fa, babu mai saki? Oksijin yana da shida a layin waje, yana neman biyu. Haidurojin yana da ɗaya, yana neman ɗaya. Sai su yi tarayya: kowa ya kawo ɗaya, biyun su zauna a tsakani, kowa yana ƙirga su a matsayin nasa. Wannan ne haɗin kobalent, kamar yadda Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana shi a 1916. Oksijin ɗaya ya yi haka da haidurojin biyu, aka sami H2O. Babu wanda ya saki, babu wanda ya karɓe, don haka babu ayon. Abin da aka samu ɗan ƙaramin rukuni ne mai zaman kansa, wato molakul.

Molakul kamar gida yake a cikin unguwa: 'yan ɗaki ɗaya raba su sai an sha wuya, amma tsakaninsu da maƙwabta gaisuwa ce kawai, ɗan abu kaɗan kowa ya kama gabansa. Zafi kaɗan ya isa ya raba molakul da molakul. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0. Naftalin, farin ƙwallon nan mai ƙamshi da ake jefawa a akwatin tufafi saboda kyankyaso, yana narkewa a wajen digiri 80, kuma ko ba wuta kina ganin yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Iskar gas ta girki, fetur, kananzir, turare, duk nan suke. A matakin karatunki, duk haɗaɗɗen sinadarin da kika tarar ruwa-ruwa ne ko iska a zafin ɗaki, ko hancinki ya jiyo shi daga nesa, ki sa shi a kobalent, da wuya ki yi kuskure.

Ki kiyayi wata amsa da ɗalibai ke yawan rubutawa, wai kobalent suna saurin narkewa a wuta ne saboda haɗin kobalent ba shi da ƙarfi. Ba haka ba ne, kuma mai maki zai soke. Haɗin da ke cikin molakul ƙaƙƙarfa ne. Idan tukunya ta tafasa, tururi ne yake tashi, har yanzu H2O ne, bai rabe ya koma haidurojin da oksijin ba. Abin da ke da rauni shi ne jan da ke tsakanin molakul da ɗan'uwansa. Ki rubuta shi haka.

Yanzu tambayar da ta kayar da ke. An ba ki shaidu biyu, kika kama mai rauni kika bar mai ƙarfi. Narkewa a ruwa ita ce mafi raunin shaida a duk jerin nan, ni da za a bi tawa da an daina sa ta a layin farko. Sukari kobalent ne, yana narkewa, domin jikin molakul ɗinsa cike yake da rassan oksijin da haidurojin irin na ruwa, ruwa yana kama su ya ja shi ciki. Takin yuriya da ake zuba wa masara kobalent ne, yana narkewa nan take. Ta ɗaya gefen kuma, ɓawon ƙwai mafi yawansa kalsiyam kabonet ne, CaCO3, ayonik ne, amma ki jiƙa shi mako guda ki ga ko zai narke. Silba kulorayid, AgCl, shi ma haka.

Shaidar da ba ta cika ƙarya ba ita ce wutar lantarki. Wuta ba ta ratsa abu sai in akwai masu caji a cikinsa, kuma suna da damar tafiya. Busasshen gishiri yana da ayon, amma a daskare suke, kowa a mazauninsa, don haka ba ya ɗaukar wuta. Ki narkar da shi a ruwa, ko a narkar da shi da zafi, ayon su sami sakewa, wuta ta wuce. Sukari kuwa ko ya narke, molakul ne cikakku suke yawo a ruwan, ba mai caji a cikinsu, ƙwan fitila ba zai kama ba. Farin garin da ya narke amma bai kunna fitila ba, ai sukari suka kwatanta miki, ko ɗan'uwansa. Duk lokacin da kika rikice, ki yi wa kanki tambaya biyu: akwai ayon a nan? Suna iya motsi?

Tun da ɗakin gwaji a kulle yake, ki buɗe naki a tsakar gida, gani ya kori ji. Ki samo batir mai kusurwa huɗu ɗin nan na bolt 9, da ɗan ƙwan LED daga tsohuwar tocila, da guntayen waya uku da aka feƙe bakinsu. Waya ta farko daga kan batir zuwa ƙafar ƙwan. Ta biyu daga ɗaya ƙafar ƙwan zuwa cikin kofi. Ta uku daga ɗaya kan batir zuwa cikin kofin, amma ki bar tazara kamar tsawon yatsa tsakanin bakin wayoyin biyu, kada su taɓa juna, in sun haɗu kai tsaye ƙwan na iya ƙonewa. Ki jera kofunan roba uku: ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwa da cokalin sukari, ɗaya ruwa da cokalin gishiri. Ki fara da na gishiri don ki tabbatar kayan suna aiki. In bai kama ba ki juya ƙafafun ƙwan, domin irin wannan ƙwai ta fuska ɗaya yake karɓar wuta. Zai haska sosai, za ki kuma ga ƙananan kumfa suna taruwa a bakin waya. Ki ɗauraye wayoyin tas kafin ki tsoma su a na sukari, in ba haka ba gishirin da ya maƙale zai ɓata miki aiki.

Akwai abin da zai iya ba ki mamaki. In ruwan rijiya ko na burtsatse kika yi amfani da shi, ƙwan zai ɗan yi ja-ja ko a kofin ruwa zalla, saboda ruwan ƙasa yana ɗauke da ɗan gishiri-gishirin da ya kwaso daga duwatsu. Ruwan sama da aka tara a tsabtataccen kwano ya fi dacewa. In babu, ki kwatanta kawai: hasken kofin sukari ba zai fi na ruwa zalla ba, na gishiri kuwa ya ninka su nesa. Daga nan ki tsoma wayoyin cikin busasshen gishiri, ki ga shiru. Ki ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan kina kallon ƙwan. Sannan ki gwada jiƙaƙƙiyar kanwa, ki gwada yuriya in akwai a gida, amma kafin kowane gwaji ki rubuta abin da kike zato, sannan ki duba.

Kashedi, kuma ba da wasa nake ba: batir kaɗai. Kada ki kusanci soket ɗin bango, ko janareta, ko batirin sola da wannan gwajin. Ruwan gishiri da wutar gida suna kisa. Ki yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, kada ki bar wayoyin su daɗe a ruwan gishiri, ki zubar da ruwan in kin gama.

Gwajin zafi ya fi sauƙi. Bayan an sauke tukunya, ki ɗora ɗan sukari a tsohon cokali a kan garwashi, ki riƙe da tsumma. Zai jiƙe daga gefe, ya zama ruwa, ya yi ja, ƙamshin alewa ya tashi, in kika bar shi ya yi baƙi ƙirin, kabon ɗin cikinsa ke nan ya rage. Wannan yana farawa ne tun a wajen digiri 186. Ki sa gishiri a wani cokalin. Zai yi ta ƙara tas-tas yana tsalle, ɗan ruwan da ya maƙale a cikin ƙwayoyinsa ne ke fita, amma yana nan fari, bai narke ba.

A ɗakin jarrabawa ba batir ba cokali, sai alamomi a takarda. Nan jadawalin sinadarai ne abokinki. Dangin ƙarfe suna hagu: sodiyam, potasiyam, magnisiyam, kalsiyam. Waɗanda ba ƙarfe ba suna dama ta sama: kabon, naitirojin, oksijin, salfa, kulorin, sai haidurojin da ake ajiyewa a hagu amma ba ƙarfe ba ne. Ƙarfe da wanda ba ƙarfe ba, ki ce ayonik: KCl, CaO, MgCl2. Waɗanda ba ƙarfe ba zalla, ki ce kobalent: CO2, NH3, CH4. Wannan zai fitar da ke a mafi yawan tambayoyi. Sauran tarkuna ne, kuma ba su da yawa, gara ki san su tun yanzu.

Amoniyam kulorayid, NH4Cl, babu ƙarfe ko ɗaya a cikinsa, amma ayonik ne, domin rukunin NH4 gaba ɗayansa yana ɗauke da cajin tarawa, yana tsayawa a gurbin ƙarfe. Duk inda kika ga NH4 a gaba, kamar a takin amoniyam salfet, ki ce ayonik. A cikin rukunin kansa kuwa haɗin kobalent ne, ɗaya daga ciki ma naitirojin ne ya kawo ilektiron biyun shi kaɗai. Haka sodar da ake yin sabulu da ita, NaOH, da sodiyam kabonet da ke cikin kanwa: tsakanin sodiyam da rukunin ayonik ne, cikin rukunin kobalent ne. In aka tambaye ki sinadarin da ke da haɗi iri biyu, ga su nan.

HCl, wato haidurojin kulorayid, shi ne ya fi kayar da masu ƙoƙari. Iska ce, kobalent ce, babu ayon a cikinta. Amma da ta shiga ruwa, ruwan yana fizge haidurojin ɗin, ayon su samu, wuta ta wuce sosai. Wato ruwa ne ya haifar da ayon ɗin, ba da su ta zo ba. Shi ya sa in ana son shaidar da ta fi kowace, sai a ce a narkar da abu da zafi, ba da ruwa ba, a ga ko zai ɗauki wuta.

Sai yashi, SiO2, da lu'ulu'un daimon. Kobalent ne, amma babu ƙananan molakul a cikinsu, haɗin ya sarƙe ne daga wannan ƙwayar zarra zuwa waccan har ƙarshen dutsen. Narkar da su yana nufin karya haɗin kobalent ɗin kansa, shi ya sa yashi sai wajen digiri 1,700. Wannan ma ya ishe ki hujja cewa haɗin ba rarrauna ba ne. Bakin fensir, wato girafait, kabon ne kamar daimon, amma yana ɗaukar wuta saboda kowane kabon ya bar ilektiron ɗaya yana yawo. Ki gwada shi da batirinki: ki feƙe fensir ta kai biyu, ki taɓa wayoyin a bakunan na ɗan lokaci kaɗan.

Na ƙarshe aluminiyam kulorayid, AlCl3. Ƙarfe ne da wanda ba ƙarfe ba, amma halinsa na kobalent ne, a wajen digiri 180 yake tashi ya zama tururi. Ayon ɗin aluminiyam ƙarami ne mai caji uku, yana janyo ilektiron ɗin kulorin baya har abin ya koma tarayya. Wannan yana nuna miki cewa ba katanga ce tsakanin ɓangarorin biyu ba, gangare ne. Linus Pauling ya fitar da ma'auni a 1932 na ƙarfin da kowane sinadari ke jan ilektiron da shi: sodiyam 0.9, aluminiyam 1.6, haidurojin 2.2, kulorin 3.2, fulorin 4.0. In tazarar biyun ta wuce kamar 1.7, galibi ayonik ne, in ta gaza kobalent ne. Ki ɗebe da kanki ki ga inda NaCl da HCl da AlCl3 suka faɗa. Amma kada ki mayar da 1.7 wata sabuwar hadda, don HF ya ɗan haura ta, kuma kobalent ne.

Maganar malam. Bai kyauta ba, amma kada ki ƙullace shi, kuma kada ki sake tare shi a gaban aji da abin da zai ga kamar ƙure ne. Mai yiwuwa aji ya yi masa yawa, manhaja kuma tana kora shi. Ki same shi a ofis ke da ƙawarki ɗaya, da kayan gwajinki a leda, ki ce, "Malam, mun gwada wani abu a gida, muna so ka duba mana ko daidai ne." Malamai da yawa da irin wannan ake samun kansu, wataƙila ma ya ce ki nuna wa aji.

Baba kuwa tsoro yake ji kada ki ɓata shekaru a inda ba za ki fita ba, kuma yana da hujja, tun da makarantun jinya suna neman kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kimistiri da bayoloji, babu wanda ake yafewa. Kada ki yi masa musu, kada kuma ki je da kuka. Ki yi gwajin kofunan nan da yamma yana zaune, ki bar shi ya tsoma wayoyin da hannunsa, ki gaya masa dalilin da ya sa ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba. In Mama ta fi iya shawo kansa, ki bi ta wajenta, ki roƙi a bar ki zuwa ƙarshen zango a ga sakamako. Ki kuma gaya masa wannan babin yana cikin aikin da kike so. Ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, ayonik ne da kobalent a kofi ɗaya, sukarin ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi sodiyam, ruwa ya bi shi. Ledar ƙarin ruwa da za ki riƙa ratayawa a asibiti, wata an rubuta mata sodiyam kulorayid kashi 0.9 cikin ɗari, wata gulukos kashi 5, kuma ba a musanya su da ka.

Ga aikin gida, ki aiko mini da amsa kafin mako mai zuwa, kowanne da dalilinsa a layi ɗaya: K2O, CCl4, NH4NO3, H2S, Ca(OH)2, da SiC. Biyu daga ciki suna da haɗi iri biyu, ɗaya kuma ba ya narkewa a wutar da za ta narkar da ƙarfe, amma ba ayonik ba ne. Ki gaishe da Mama.